Sabarar Inna a Cikin Kurmi

Tun ranar da Malam ya shigo da takarda a hannu ya ce ana nemansa a kurmin Kamaru wata biyar, aka kuma ce da ni za a tafi, tuwo bai sake zauna mini a ciki ba. Ba nisan ne ya dame ni ba, ba kuma jirgin ƙasa da ban taɓa shiga ba. Dauri ne. Yaron da ke bayana watansa takwas lokacin, kuma tun ranar suna babu safiyar da ta wuce Inna, mahaifiyar Malam, ba ta ɗura masa dauri ba. Ita ke tsinko ganyen, ita ke dafawa, ita ke kama shi ta ɗura. Ni ko kallo ba na yi, kun san ɗan fari ne, sunansa ma ban taɓa faɗa ba. To yanzu a ce ni kaɗai, a ƙasar da ban san ganye ko ɗaya ba, in daurin ya ƙare fa? Da wannan tambaya na fita Wudil, da ita na isa can.

Ladi da Talatu da sauranku, kun hana ni sakat. A wurin suna tambaya, a bakin rijiya tambaya, har bakina ya gaji da maimaici. Shi ya sa na ce bari in gwada ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Inda baƙi ya karkace ku yi haƙuri.

Malam dai kun san malamin daji ne na En'e. Shekara biyu da suka wuce wata Baturiya ta zo nan tana tsintar ciyayi a bakin kogi, wadda yara suka sa wa Uwar Ganye, shi aka haɗa ta da shi. Abin da ya sa ta sake nemansa, in ji shi, rubutunsa yana karantuwa, kuma ba ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. Aikin da aka kira shi ba na manyan itatuwa ba ne, waɗannan masu katako sun daɗe da sanin su. Ƙananan tsirrai ne da ke ƙarƙashinsu a inuwa, waɗanda kowa ke takawa ya wuce. Su za a bi a san iri nawa ne, ina kowanne yake fitowa, me mutanen wurin ke ce da shi.

Inna ce ta yanke cewa in bi shi, ta ce ba za a bar mata ɗa wata biyar yana cin abin da bai san wanda ya yanka ba. Ita gwiwa ba za ta bar ta ta je ba. Sai ta sa aka kai ta Dagumawa a jaki, garinsu, ta yi kwana biyu ta dawo da ganyen sabara da rassansa, da sassaƙen marke, da wata saiwa ja da ta ƙi gaya mini sunanta. Ta shanya, ta ƙulle a tsohon zanenta, ta nuna mini awo da yatsu uku.

"In kin yi tattali zai dawo da ku gida," in ji ta. "Abu ɗaya, kada damshi ya taɓa shi."

Na ce to, Inna. Ban san inda za mu ba damshi ne kansa ke sarauta.

Da bazara muka hau babbar mota zuwa Kano. Kayan Malam rabinsu tsofaffin jaridu ne, dami biyu manya, har wani mai tsire a tashar jirgi ya biyo shi yana tambaya ko na sayarwa ne. Malam ya ce na aikin gwamnati ne, mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya tafi yana girgiza kai. Ni ƙullin Inna na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane, kamar mai ɓoye gwal.

A jirgi wata mata 'yar ƙabilar Ibo ta zauna gaba da ni, mai fataucin busasshen kifi, Hausarta irin ta kasuwar Sabon Gari. Ta yi wa yaron wasa, ta tambaye ni sunansa. Na juya ina kallon taga. Ta sake tambaya, sai Malam ya amsa. Ta ce ba nawa ba ne? Na ce na Inna ne. Ashe ta ɗauka 'yar raino ce ni, ta ba ni ragowar doyarta, ta ce in na koma in gaya wa uwarsa ina kula da shi da kyau. Can da muka wuce Kafanchan ya fara kuka, na ja mayafi na rufa na ba shi nono. Matar nan ta tafa hannu ta yi ta dariya har hawaye. Da Malam ya bayyana mata, ta ce a garinsu mace da ta haihu sunanta ya ɓace, da sunan ɗan fari za a riƙa kiranta, uwar wane, kuma za ta ɗauke shi ta yi rawa a gaban kowa. Ni na ga rashin kunya, ita ta ga namu taɓin hankali, muka raba goro muka ci gaba da hira har Makurɗi. A kan gadar nan kuwa na rufe ido. Na ɗauka kogin Wudil kogi ne. Wannan sai da na karanta ƙulhuwallahu bakwai ban ji mun sauka ba.

Daga Inugu sai mota kuma, kwana biyu cikin laka, don su tuni damina ta faɗi. Akwai inda muka isa aka ce mu sauka, yau ba ranar shiga ba ce. Hanyar ta yi ƙunci har mota biyu ba sa wuce juna, saboda haka yau masu shiga, gobe masu fita. Mu mun zo ranar fita. Muka nemi zangon Hausawa, don babu garin da za ka rasa su, matar sarkin zango ta karɓe ni. 'Yar Bichi ce, shekararta ashirin rabonta da gida, abin da ta fara tambayata ko ina da kuka. Na ɗebo mata da daddawa biyu, ta yi ta sunsunawa. Ita kuma ta kawo mini tuwon rogo mai tsami da miyar manja, da wani ganye da aka yanka siriri kamar zare. Na ci don kunya. Loma ta uku na daina jin kunyar, na cinye.

Washegari muka kai iyaka. Na zaci zan ga ganuwa da ƙofa. Gora ce ɗaya a gicciye da ɗan sanda zaune a kan benci. Ya ɗaga jaridun Malam ya ajiye, ya dubi ƙuguna ya ce mene ne wannan. Dole na kwance. Malam ya ce maganin yaro ne. Mutumin ya ɗauki jar saiwar nan ya gatsa, don ya tabbatar. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar busasshiyar kuɓewa, ya ɗaga gorar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana neman ruwa. Duk motar aka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma a raina ina cewa daurin kwana guda ke nan ya gatse.

Daga inda mota ta ajiye mu sai tafiyar ƙasa ta rabin yini zuwa ƙauyen da Uwar Ganye ta sauka. Ku da kuka saba ku tsaya a Achika ku hango mai jaki tun yana ɗan ɗigo, ban san yadda zan gaya muku ba. Taku goma ba ka gani. Tsakar rana kamar bayan magariba. Ranar farko Malam ya rasa gabas, sai da Baturiyar ta ara masa wani abu kamar agogo mai allura kafin muka yi azahar. Wanki kwana uku bai bushe ba, gishiri ya zama ruwa, takalmin fatar Malam ya fitar da gemu kore.

An ba mu ɗaki na tukurwa kusa da rumfar aiki, tabarma ce kawai ta raba mu da ita. Maƙwabtanmu wani tsoho ne, Baba Tabi, wanda ya san kurmin kamar tsakar gidansa, shi ke nuna hanya yana faɗin sunayen tsirrai da yarensu, da matarsa Mama Tabi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, da hannu muka yi zumuncinmu. Ranar da muka sauka ta kawo mini tarbar baƙi, kwano cike da dodon koɗi manya masu rai. Na yi godiya har ƙasa, da ta tafi na zagaya bayan ɗaki na zubar. Da safe sai ga ta da kwanon, ta tsinto su duka, tana nuna mini yadda ake kife murfi don kada su sake gudu. Sai da Malam ya yi wa mijinta bayani aka canza mana da ayaba.

Ita ce kuma ta sa ni a gaba kan yaron. In ta ga na ajiye shi na juya baya sai ta ɗauko shi ta dangwara mini a cinya, ta kama haɓata ta juyo da fuskata gare shi. Na duba hagu da dama, babu Inna, babu ku. Na dube shi. Ashe yana da ɗan tabo a bayan kunnen dama, wata tara ban sani ba.

Ga yadda suke aikin. Da sassafe su fita, Baba Tabi a gaba da adda. Su ja igiya su kewaye ɗan fili, kamar faɗin tsakar gidanmu, su durƙusa su bi duk abin da ya tsiro a ciki. Kowane iri a cire ɗaya da saiwarsa, da fure ko 'ya'ya in akwai, a ɗaura masa 'yar takarda mai lamba. Malam ya rubuta lambar a littafi, da ranar, da wurin, ko a laka ne ko a kan dutse, da launin furen tun bai dushe ba, da sunan da Baba Tabi ya faɗa. Da la'asar su dawo, a shimfiɗa kowanne a tsakanin jarida, a jera, a sa allo sama da ƙasa a ɗaure tamau, a ɗora a kan ragar ƙarfe da garwashi a ƙasa. Kullum sai an canza jaridun da suka sha ruwa. Wanda ya bushe a sa a akwatin ƙarfe, za a kai Ingila a gwada da na wasu ƙasashe. Uwar Ganye ta ce ganye ba lamba shara ne, lamba ba ganye kuwa labari ne kawai.

Da farko na ɗauka hauka ne, mutum ya tsallako teku don ciyawa. Sai ranar da Malam ya shigo da wani abu ja wur da ya fito daga gindin wani tsiro, ya fasa ya miƙo mini. Citta ce. Cittar nan da muke saye ranar Juma'a a kasuwar Wudil muna zubawa a yaji, ga ta a ƙasa kaji na bi ta kai. Faffaɗan ganyen da fatake ke naɗe huhun goro da shi kuwa, bayan ɗakinmu gonarsa guda, ba mai shuka. Goron kansa na gan shi a kan itace. Daga nan na fara duban ƙasa. Dama dole in duba, yaron ya fara rarrafe, kome ya kama sai baki. Yini nake ina bin sa ina ƙwace ganye, har na san kowane tsiro tsakanin ɗakinmu da dutsen da nake wanki a rafi.

Muna cikin wata na biyu na kwance ƙullin Inna da safe na ji wari. Fumfuna ta kama gefe ɗaya, fara fat kamar auduga. Na zauna a ƙasa. Na ware wanda ya lalace na zubar, wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran duk ya yi laushi. Rana babu. In na sa a tukunya zai ƙone. Na ɗaga kai ta ramin tabarma na hango allunan nan a kan garwashi, suna shan ɗumi a hankali.

Ranar Malam da Uwar Ganye sun tafi gaba da kogi, za su kwana biyu, wani mafarauci ne jagoransu, sun bar wa Baba Tabi canjin jarida. Na jira ya tafi gona. Na kwance ɗaurin ƙasa, na buɗe wata jarida a tsakiya na cusa rassan sabarar da sassaƙen, na mayar na ɗaure. Na ce gobe kafin ya zo zan kwashe, ba wanda zai sani. Ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa sai an tambaye ni na wane ne.

Gobe ta yi, kwarkwasa ta shigo mana ɗaki da hantsi, layi guda baƙi ƙirin. Na suri yaron muka gudu gidan Mama Tabi, muka yini can ana kora su da toka mai zafi. Kafin in dawo tsohon ya gama canjin jarida. Ya tarar da rassa babu lamba, ya ga 'yar takarda a kwance kusa da su, ya ɗaura musu da kyau. Shi bai taɓa ganin sabara ba a rayuwarsa. Ɗan tsiron da ke da lambar kuwa sassaƙen marke ya murƙushe shi ya zama kamar miya, ya tafi da jiƙaƙƙiyar jarida cikin wuta. Sassaƙen da saiwar ya tara su gefe a kwano, sabarar kuma, wadda ita ce fiye da rabin daurin, ya kai layin masu shiga akwati.

Da suka dawo, washegari da rana Uwar Ganye ta zauna duba busassu. Ina bayan tabarma ina jin motsin jarida. Sai motsin ya tsaya.

"Malam, karanta mini ɗari biyu da bakwai," in ji ta, da Hausarta mai tauri.

Ya karanta. Ƙaramar ciyawa, ba ta kai taƙi ba, fure fari mai ɗigon shuni, a kan dutse mai damshi, cikin inuwa.

"Wannan fa?"

Na leƙa. Ta ɗaga rassan sama. Malam ya dube su, na ga lokacin da ya gane, don ya ɗan waiwayo wajen tabarma ya mayar da kai.

"Sabara ce, ranki ya daɗe."

"Na san ta, kai ka nuna mini ita a Wudil. A wane dutse ka tsinke ta a nan?"

Malam ya mayar da ido kan littafin. Ba zai kira sunan matarsa a gaban mutane ba, ba zai kuma yi ƙarya ba. Ita ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Cewa ta yi in lamba ɗaya ta faɗi abin da ba shi ba, da wane ido za ta dubi ɗari biyu da shida da ke bayanta? Ta ce za ta sa wannan a akwati yadda yake, ta rubuta a kai ba a yarda da shi ba, sannan ta yi tunanin wanda zai riƙe littafi. Baba Tabi yana tsaye yana murmushi, bai san me ake cewa ba, jira yake a yaba ɗaurinsa.

Na ga daurin zai tafi Ingila, sunan Malam kuma zai ɓaci a kan abin da bai yi ba. Na goya yaron, na ja mayafi, na zagayo. Ban taɓa shiga rumfar nan da maza a ciki ba. Na durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ni na sa."

Ta cire tabarau. "Don me, uwargida?"

"Ya jiƙe ne. Dauri ne."

"Na wa?"

Na dubi ƙasa. Da a gida ne sai in ce na yaron Inna, kowa ya gane. Ita ba za ta gane ba, za ta ce wace Inna, wane yaro, a sake komawa farko. Yana bayana yana jan ɗankwalina.

"Na ɗana ne," na ce.

Malam ya ɗaga kai yana duban rufin rumfa kamar an ce ya ƙirga tukurwar. Ni kuwa da kalmar ta fita sai sauran suka biyo ta kamar an buɗe kwata. Na faɗi Inna da jakin Dagumawa, da ɗan sandan iyaka, da fumfuna, da kwarkwasa. Wajen ɗan sanda ta fara dariya. Da Malam ya juya wa Baba Tabi da Turanci, tsohon ya riƙe ciki ya zauna a kan akwati, ya ce shi ma ya yi mamaki, shekara sittin yana kurmin nan bai ga wannan ganye ba, ya ɗauka idonsa ne ya tsufa.

Da dariya ta lafa ta ba Malam haƙuri a gabanmu. Amma ta ce ɗari biyu da bakwai ya tafi ke nan, ƙwaya ɗaya suka samu mai fure, a wurin da ya ci musu yini, ba su sake gani ba. Na ce a sake karanta mini. Malam ya karanta. Na ce in wadda ganyenta ke da gashi ce, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, bayansa ja, to tana nan jingim a bayan dutsen wankina. Kullum sai na ƙwace ta daga hannun yaron. Malam ya ce sun wuce nan sau da yawa ba su ga fure ba. Na ce ai ba za ku gani ba, kun fita bai buɗe ba, kun dawo ya zube. Da hantsi yake yi.

Washegari ba su fita ba, suka jira hantsi, ni ce a gaba. Baturiyar nan ta durƙusa a laka da wandonta, ta fito da ɗan gilashinta ta daɗe a kan furen. Ta ɗago ta ce ita ce. Sannan ta tambaye ni me kuma yaron yake kamawa. Na bi da su wuri wuri: mai ganye kamar kunnen ɓera a ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce, mai 'ya'ya shuɗɗa kamar tsakiya, wata da ke naɗe ganyenta in an taɓa. Biyar daga ciki ba su cikin littafi. Ta ce su dogaye ne, tun daga sama suke dubawa, yaron kuwa a ƙasa yake zaune. Daga ranar duk inda babu nisa da ni ake zuwa, a shimfiɗa masa buhu a gefen igiya, Mama Tabi na gadinsa, ni ina durƙushe ina nuna abin da suka tsallake. In kun ga akwatunan nan, akwai takardun da aka rubuta matar Malam ce ta gano.

Sabarar kuwa Uwar Ganye ta mayar mini a cikin gwangwanin biskit mai murfi, ta bushe ƙarau. Reshe ɗaya ta roƙa. Ta ba shi sabuwar lamba, ta sa Malam ya rubuta gaskiyarsa: Dagumawa ta ƙasar Wudil, sunansa sabara, ana dafa wa jarirai, wadda ta tsinko wance. Ta tambaye ni sunan Inna. Na ce wannan kuma ko za a tsire ni ba zan faɗa ba, rashin kunya ɗaya ya isa a mako guda. Malam ne ya rubuta, ni na kau da kai.

Duk da tattali, saura mako uku mu taho na juye gwangwani babu kome. Ranar ban yi wanki ba, ina zaune ina taɓa goshinsa. Kwana ɗaya, kwana biyu, yana cin ayabarsa yana ihu. Rana ta biyar muna rumfa ya kama allon matsi ya miƙe, ya saki, ya yi taku uku ya faɗa jikina. Na rungume shi a gaban kowa, sai daga baya na tuna. Mama Tabi ta kira ni da sunansa, uwar wane, ta taka rawa. Na amsa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai ɗan sandan iyaka ya gane ni, ya nuna gwangwanin ya ja da baya. Matar sarkin zango na bar mata sauran kukata.

Da muka shigo gida Inna ta karɓe shi ta ɗaga sama tana auna nauyinsa, ta ce lallai daurinta ya yi aiki. Na yi kwana uku ina juya maganar, sannan na gaya mata duka, har ƙarewar daurin, har abin da na faɗa a rumfa. Ta ce Malam ya karanta mata abin da aka rubuta a kanta, dama ya kwafo shi. Ya karanta. Ta ce a sake. Ta ce to sunanta ya riga ta shiga jirgi. Da safe ta sa aka kawo jaki, ta ce in goya shi in biyo ta. A wani fako bayan Dagumawa ta nuna mini wani ɗan tsiro da na sha takawa, ta ce in tona. Jar saiwar ce. Ta gaya mini sunanta, ta ce gwiwarta ta gama zuwa nan, daga yau ni ce mai tsinkowa. Na tambaye ta su wa kuma suka san ta, ta lissafa mata biyu, ɗaya ta rasu bara.

Wannan ne ya sa na ce Malam ya sassaƙa mini alluna biyu. Nan ba ma bukatar garwashi, rana ta isa. Na fara da na bayan gidanmu, ina da littafina, lambata ta kai talatin da ɗaya, yaron yana taya ni yadda ya saba. Sunansa kuwa kada ku nema a takardar nan, ku tambayi Inna.

Ga roƙona. Kowacce a cikinku tana da tsohuwa a gida, ta Ɗankaza ko ta Achika ko ta cikin gari. Ku tambaye ta ganyen da take tsinkowa, na dauri, na wankan jego, na miya. Ku kawo mini ɗaya da saiwarsa, da furensa in yana yi, ku riƙe sunan da ta faɗa da inda aka cire shi. In ba ki ga wurin da idonki ba, ki ce mini ba ki gani ba, haka zan rubuta. Wadda kuma mijinta ke kawo tsohuwar jarida daga ofis, kada ta hura wuta da ita, ta aiko mini.